Ganyen ƙamshi a kicin: nawa suna mutuwa, ina na kuskure?

Mai Taga Ɗaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya dame ni sosai. Wata biyu da suka wuce na shirya kicin ɗina yadda na daɗe ina buri. Na samo kwalabe shida masu faɗin baki, duk iri ɗaya, na zuba tsakuwa a gindin kowacce, na ɗora ƙasa a kai, na dasa na'a-na'a, ɗoɗɗoya, tayim, rozmeri, fasili da koriyanda. Na jera su a kantar da ke saman wurin wanke-wanke, na manna wa kowacce takarda da sunanta. Satin farko duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla. Ban taɓa fashin ba su ruwa ba, kullum da safe kafin in ɗora komai a wuta.

Yau ga abin da ya rage. Rozmeri ya bushe tun daga ƙasa, in ka taɓa shi ganyen sai ya zube a hannunka. Tayim ya yi baƙi. Koriyanda ta kwanta a bakin kwalba ta narke. Fasili ya koma rawaya. Ɗoɗɗoyar ta yi tsawo siririya, ganyenta ƙanana, ta karkace gaba ɗaya wajen taga. Na'a-na'a ce kaɗai ke da sauran kuzari. Ga kuma wasu 'yan ƙudaje baƙaƙe da suke tashi daga cikin ƙasar in na zuba ruwa. Ina na kuskure?

Hajiya Mai Lambu:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin in ce komai, amsa min abu uku. Kwalaben suna da huji a ƙasa? Taku nawa ne daga kantar zuwa taga? Kuma rana tana taɓa ganyen da kanta, ko haske ne kawai a ɗakin?

Mai Taga Ɗaya:
Hajiya, babu huji, gilashi ne. Shi ya sa na sa tsakuwa. Daga kanta zuwa taga kamar taku uku ne. Rana ba ta kaiwa wurin, amma kicin ɗin yana da haske sosai, ba na kunna fitila da rana.

Hajiya Mai Lambu:
To kin ba da amsar da kanki. Ruwa ya yi yawa, haske ya yi kaɗan, kuma biyun nan in suka haɗu babu shukar da ke tsira. Ki ɗauki kwalbar rozmerin yanzu ki zazzage ta a faranti, ki sunsuna. Za ki ji warin tsami irin na kwata, saiwar kuma za ki gan ta baƙa, tana sulɓewa tsakanin yatsu. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, tana da ƙarfi in kin ja ta.

Abin da mutane ba su cika sani ba, saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike waɗannan gurabe kwana da kwanaki, sai ta shaƙe ta ruɓe. Da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganyen ya yi yaushi, ke kuma ki ga yaushi ki ɗauka ƙishirwa ce, ki ƙara ruwa. Haka aka kashe shukoki da yawa da kyakkyawar niyya. Ni ma da haka na fara, shekaru da yawa da suka wuce.

Baban Yara:
Hajiya ki yi min haƙuri in sa baki. Ai tsakuwar da ta sa aikinta kenan, ruwa ya gangara ya taru a ƙasa, saiwa ta zauna a sama. Ni tun ina yaro haka na ga ana yi, kuma ko a tukunya mai huji ina zuba tsakuwa.

Malamin Kimiyya:
Baban Yara, wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma ruwa ba haka yake tafiya ba. Gwada da soson katifa. Jiƙa shi sharkaf, ka ɗora a kan tsakuwa. Ruwan ba zai bar soson ya faɗa cikin tsakuwa ba sai soson ya cika har ya kasa riƙewa, domin ƙananan ramukan soso sun fi manyan gurabun tsakuwa ƙarfin riƙe ruwa. Ƙasar tukunya ma haka take. Kowace tukunya tana da wani sashe a can ƙasa da ke zama jiƙe bayan an yi ban-ruwa. In ka sa tsakuwa, wannan jiƙaƙƙen sashe bai tafi ko'ina ba, ɗago shi ka yi sama, kusa da saiwa, ka kuma rage wa saiwar wurin zama. A kwalbar da ba ta da huji kuwa abin ya fi muni, don ruwan da ya kai ga tsakuwar ba shi da hanyar fita. Kullum ana ƙara masa, yana hawa.

Baban Yara:
To Malam, me ya sa nawa ba su mutu ba?

Malamin Kimiyya:
Saboda naka suna da huji, kuma na tabbata suna samun rana. Hujin ne ya cece su. Tsakuwar ta ci albarkacinsa ne kawai. In tsoron zubewar ƙasa kake yi, ɗan guntun raga ko fasasshen kasko ɗaya a kan hujin ya isa.

Kawu Manomi:
Ni dai zan faɗi gaskiyata ko ba za ta yi daɗi ba. Kicin ba wurin shuka ba ne. Waɗannan hotuna da kuke gani a Instagram da Pinterest, ganye shar a kan kanta kusa da tukwane, yawancinsu ranar aka shigo da shukar aka ɗauki hoton. Ba wanda ke dawowa bayan wata guda ya nuna muku abin da ya faru. Rozmeri da tayim asalinsu duwatsun gaɓar Bahar Rum ne, inda rana ke dukansu yini guda, iska na kaɗawa, ƙasa busasshiya. Ka ɗauko irin wannan ka kulle a ɗakin da ke cike da tururi da hayaƙin mai, ka ce ya rayu? 'Yata, in kina da ko da ɗan baranda ne, fitar da su waje ki huta.

Anti Mai Ado:
Haba Kawu. Ba kowa ke da baranda ba. Ni a bene nake, hawa na uku, ba ni da ko tafin hannu na fili, kuma shekara huɗu ke nan ban rasa ɗanyen ganye a bakin tagata ba. Kar ka karya mata gwiwa.

Kawu Manomi:
Ba karya gwiwa ba ne, Anti. Kin ce a bakin taga. Ita kuma a kan kanta ta sa, taku uku daga taga. Ba abu ɗaya ba ne.

Malamin Kimiyya:
A nan Kawu yana da gaskiya, kuma ina so in daɗe a kan wannan don shi ne tushen matsalar. Idonmu yana ruɗinmu game da haske. In ka shigo ɗaki daga waje, cikin 'yan daƙiƙoƙi ido ya daidaita, sai ka ga ɗakin tarwai. Ganye ba ya daidaitawa haka. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira lus. Tsakar rana a fili tana kaiwa wajen lus 100,000. Ɗaki mai haske wanda za ka yi karatu a ciki ba tare da wahala ba, lus 300 zuwa 500 ne. Ku duba tazarar. Shukar da ke kan kantar 'yar'uwarmu tana iya kasancewa tana samun ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da za ta samu a waje. Kuma haske shi ne abincin shuka. Taki da ruwa kayan haɗi ne kawai, da haske take sarrafa su.

Yawancin ganyen ƙamshi suna son rana ta taɓa su kai tsaye kamar awa 6 a yini. Na'a-na'a da fasili da ganyen albasa suna haƙuri da awa 3 ko 4. Shi ya sa na'a-na'arta ce ta rage.

Wannan tsawon da ɗoɗɗoyar ta yi, siririya mai ƙananan ganye, ba girma ba ne, neman haske take. Karkacewar ma haka. Tun shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna cewa in aka rufe kan tsiron ciyawa da 'yar hula, ba ya karkata wajen haske, alamar cewa kan tsiron ne ke jin inda hasken yake. Daga baya aka gano sinadarin da ke kai saƙon, ana kiransa oksin. Yana taruwa a ɓangaren da ke inuwa, ɓangaren ya fi saurin tsawo, sai karan ya lanƙwasa.

Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Da tsakar rana ka ɗora hannunka kamar kamu ɗaya sama da inda za ka ajiye tukunyar. In inuwar hannun ta fito sarai har ana ƙirga yatsu, wurin ya yi. In dishi-dishi ce, sai dai na'a-na'a. In babu inuwa sam, kada ka wahalar da shuka.

Mai Taga Ɗaya:
Malam na gwada yanzun nan. A kan kantar babu inuwa ko kaɗan. A bakin taga kuma ta fito, amma da safe ne rana ke shigowa ta nan, zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.

Hajiya Mai Lambu:
Alhamdulillahi, tagar gabas gare ki. Wannan ai arziki ne. Ranar safe ba ta ƙona ganye, kuma tana isar na'a-na'a, fasili, ganyen albasa, har da ɗoɗɗoya in kin manna ta kusa da gilashi. Rozmeri da tayim ki haƙura da su tukuna.

Ɗalibar Noma:
In ƙara a kan maganar Hajiya, don na ga a rukunin nan akwai mutane daga wurare daban-daban. Shawarar da ake yawan karantawa cewa tagar kudu ta fi, ga waɗanda ke can arewacin duniya ne, inda rana ke bi ta kudancin sama. Wanda ke kudancin duniya tagar arewa ce tasa. Wanda kuma ke kusa da tsakiyar duniya, rana ta saman kansa take wucewa, don haka tagar gabas da ta yamma su ne abin dogaro. Ta yamma tana da zafi, ta dace da rozmeri da tayim, amma tana iya dafa koriyanda. Kowa ya zauna yini ɗaya ya lura da tagarsa, ya fi duk abin da zai karanta.

Mai Taga Ɗaya:
Na gode ƙwarai. Amma gaskiya zuciyata tana kan kantar nan. Don ita na yi komai. Bakin tagar ɗan siriri ne, tukunya uku kawai zai ɗauka, kuma robobi masu huji ba su da kyan gani.

Anti Mai Ado:
Ƙanwata, zo nan, wannan fannina ne. Ba sai kin zaɓi tsakanin kyau da lafiyar shuka ba. Tukunya biyu ake yi. Shukar tana cikin roba mai huji, robar kuma ki zura ta cikin abin adon da kike so, na tangaran ne, kwano ne, ɗan kwando ne, ba wanda zai ga robar. Ranar ban-ruwa ki zaro ta, ki kai wurin wanke-wanke, ki zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, ki bar ta ta tsane kamar minti goma, ki mayar. Abu ɗaya: ki riƙa leƙa gindin abin adon, kada ruwa ya kwanta a ciki.

Batun wuri kuma, taga ba bakinta kaɗai ke da amfani ba, tsawonta ma wuri ne. Ni na sa an kafa min katako biyu sirara a tsakiyar tagar, ɗaya sama da ɗaya, sai ta zama hawa uku. Masu son rana a sama, na'a-na'a a ƙasa. Wata ƙawata sanda ta gitta a saman taga ta rataye tukwane da ƙugiya. In kika tsaya a ƙofar kicin da safe kika ga rana ta ratsa ta cikin ganyen nan, wallahi ya fi kanta kyau nesa ba kusa ba.

Kantar taki kuma kada ki bar ta haka. Kwalaben nan shida ki wanke su. In kin yanko reshen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya, ki tsoma a ruwa ki jera a can, zai yi kwanaki yana kore, kina tsinka kina girki. Shukar tana taga, abin da ta haifa yana kanta.

Kawu Manomi:
Wannan na yarda da shi. Tukunya biyu dabara ce. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da hayaƙi da mai.

Anti Mai Ado:
Kawu, ai ban ce a ɗora su kan murhu ba.

Malamin Kimiyya:
Kawu bai yi kuskure ba a nan ma. Ganye yana da ƙananan ƙofofi, yawanci a bayansa, da yake shaƙar iska da su. Maiƙon suya yana tashi ya kwanta a kai, ƙura ta manne, hasken da ke isa ganyen ya ragu. Wanda tagarsa ke kusa da murhu ya riƙa ɗauraye shukar da ruwa duk sati biyu.

Akwai kuma iskar da ake kira etilin, wadda ke sa ganye ya yi rawaya ya zube. Yadda aka gano tasirinta ma abin sha'awa ne. A ƙarni na 19 an lura bishiyoyin da ke kusa da bututun gas na fitilun titi suna zubar da ganye. A 1901 wani ɗalibi ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya nuna cewa etilin da ke cikin wannan gas ne ke karkatar da tsiron waken Turawa (pea) a ɗakin bincikensa. Abin da ya shafe mu a kicin shi ne, ayaba da tuffa da tumatir suna fitar da ita in suna nuna. Kada a ajiye kwandon 'ya'yan itace manne da tukwanen ganye, musamman in ana rufe taga.

Uwar Biyu:
Ni tambayata daban ce. An ce shuke-shuken cikin gida suna tace iska, har NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta tabbatar. Wata kuma ta ce min kada in bar su a ɗaki da dare don suna shanye iskar numfashi. Wanne ne gaskiya?

Ɗalibar Noma:
Yaya, duka biyun an ƙara musu gishiri. Binciken NASA na 1989 gaskiya ne an yi shi, amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu ruf aka gwada. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa kafin shuka ta yi abin da musayar iska ta yau da kullum ke yi a gini, sai an sa shuka tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Buɗe taga ya fi. Maganar dare kuma, eh suna shaƙar iska, amma abin da tukunya uku za su sha bai kai na mage ɗaya da ke barci a ɗakin ba. Ki shuka don ƙamshi da girki da sanyin ido, sun isa dalili.

Tunda na ambaci mage: mai mage ko kare a gida ya nisanta ganyen albasa da na tafarnuwa daga inda za su kai baki, yana cutar da su.

Mai Taga Ɗaya:
To ɗoɗɗoyar da ta yi tsawo fa, in jefar ko tana gyaruwa? Ina jin tausayin yanke ta, ita kaɗai ta yi ƙoƙarin girma.

Hajiya Mai Lambu:
Tausayin nan shi ne zai kashe ta. Ɗauko almakashi. Ki dubi karan, za ki ga ganye suna fitowa biyu-biyu, ɗaya na kallon ɗaya. A hammatar kowane ganye, daidai inda ya haɗu da kara, akwai ɗan toho mitsitsi kamar ƙwayar gero. Ki ƙirga gaɓa biyu ko uku daga ƙasa, ki yanke karan ɗan sama kaɗan da gaɓar. Cikin sati guda waɗannan toho biyu za su farka su zama rassa. In kowanne ya yi gaɓa uku, ki sake yanke kansa, biyu su zama huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuskuren da nake gani kullum, mutum ya zo girki sai ya tsinke manyan ganyen ƙasa ya bar kan. Manyan nan su ne ke ciyar da shukar. Daga sama ake ɗiba. Kuma kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Da kin ga kan ya fara haɗa fure, ki tsinke shi, don in ta yi fure hankalinta ya koma kan iri, ganye ya ragu, ɗanɗanonsa ya canza.

Kan da kika yanke kada ki yar. Cire ganyen ƙasa, ki tsoma a ruwa, cikin kwana 7 zuwa 14 za ki ga fararen saiwoyi. Ga sabuwar shuka kyauta.

Malamin Kimiyya:
Abin da Hajiya ta bayyana, oksin ɗin nan ne dai. Kan shuka yana aiko da shi ƙasa yana danne tohon gefe. Da an cire kan, dannewar ta ɗauke.

Baban Yara:
Tunda ana maganar tsoma reshe a ruwa, a kula da sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba in da ɗumi. A riƙa canza ruwan duk kwana biyu ko uku, a ɗauraye kwalbar.

Ɗalibar Noma:
Haka ne Baba. Kuma ga mai son kwalba da gaske, akwai hanyar da shuka ke zama a cikinta dindindin ba tare da ƙasa ba. Ana kiranta da sunan Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii. Ana cika kwalba da ruwa mai narkakken takin da aka haɗa don noman ruwa, a rataye shukar a murfi, saiwa ta taɓa ruwan. Yayin da take sha, ruwan yana sauka, sai a sami fili tsakanin murfi da ruwa, saiwar sama ta riƙa numfashi a nan. Sharaɗin shi ne in za a ƙara ruwa kada a cika har sama, a bar mata wannan fili. Sai an naɗe kwalbar da takarda mai kauri ko an shafa mata fenti, in ba haka ba gansakuka za ta cika ta. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna yi sosai a haka. Amma fa ita ma a taga za ta zauna, ba ta kawar da buƙatar haske ba.

Amaryar Bana:
Ina ta karantawa shiru, bari in faɗi nawa. Sau uku ina sayen ɗoɗɗoya a tukunya, irin wadda ake sayarwa a wajen kayan miya cike da ganye, sau uku tana mutuwa cikin kwana goma, alhali a taga take. Na huɗun na zazzage na duba. Ashe ba shuka ɗaya ba ce. Na ƙirga tsiro 19 a 'yar robar da ba ta fi kofin shayi ba, saiwarsu ta cukuikuye kamar zare. An shuka su ne don a cinye cikin sati, ba don su daɗe ba. Na jiƙa ƙasar, na raba su gida huɗu a hankali da yatsu, na cire raunanan, na bar uku-uku a kowace tukunya. Kwana biyu suka yi a langaɓe, sannan suka miƙe. Wata na biyar ke nan ina ɗiba.

Anti Mai Ado:
Amarya kin taimaki mutane da yawa da wannan.

Uwar Biyu:
Ni na'a-na'a na haɗa da fasili a doguwar tukunya ɗaya don su yi kyau tare. Yanzu fasilin ya ɓace.

Hajiya Mai Lambu:
Na'a-na'a ba ta zaman kishi. Tana miƙa jijiya ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye duk inda ta samu. Tukunyarta daban, kuma duk shekara ki zazzage ki raba ta ki sa sabuwar ƙasa, in ba haka ba za ta shaƙe kanta, tsakiya ya mutu. In za a haɗa shuke-shuke a tukunya ɗaya, a haɗa masu hali ɗaya. Rozmeri, tayim da oregano suna son ƙasa ta bushe tsakanin ban-ruwa, su suna zama tare, kuma tukunyar yumɓu ta fi musu don tana tsotse danshi ta jikinta. Ɗoɗɗoya da fasili suna son danshi, roba ta ishe su. 'Yata mai kwalabe ta ba su duka ruwa iri ɗaya kullum da safe, shi ya sa rozmeri ya riga kowa tafiya.

Kuma a daina ban-ruwa da kalanda. Yatsa ake sawa. Tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓar farko, wajen santimita 2 ko 3. In da sanyin danshi, bari sai gobe. Ni har ɗaga tukunya nake yi, nauyinta yana gaya min.

Mai Taga Ɗaya:
Hajiya, ƙudajen nan fa? Akwai maganin feshi?

Hajiya Mai Lambu:
Kada ki fesa maganin ƙwari a abin da za ki ci, a ɗakin da kike girki. Ƙudajen nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke ƙwai, tsutsarsu tana cin fumfuna da ƙananan saiwoyi. Zubar da tsohuwar ƙasar gaba ɗaya. A sabuwar, ki bar saman ya riƙa bushewa, za su ƙare da kansu. Takardar nan mai gam ruwan ɗorawa tana kama manyan. In darɓa ce ta taru a kan toho, kai shukar ƙarƙashin famfo ki wanke, ki maimaita bayan kwana uku.

Ƙasar ma ki kula. Wadda aka haƙo haka kawai tana daskarewa a tukunya kamar bulo. Ki haɗa da ruɓaɓɓen taki da yashi mai gwari-gwari ko ɓawon kwakwa da aka daka. In kin dunƙule ta a hannu kin saki, ta wargaje, to ta yi. Taki kuma kaɗan-kaɗan, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata. In ya yi yawa ganye zai yi faɗi ya yi kyau, ki murza ki ji ba ƙamshi.

Kawu Manomi:
Wannan na ƙarshe shi ne abin da nake nufi tun farko. Ƙamshin yana cikin wasu 'yan ƙullutu na mai a fatar ganye, kuma rana ce ke cika su. Murza tayim na waje ka murza na ɗaki, hancinka zai raba gardama.

Anti Mai Ado:
Ban musa ba, Kawu, na waje ya fi ƙarfi. Amma wanda ke taga in miƙa hannu in tsinka tukunya na kan wuta ya fi min wanda ba ni da wurin shuka shi.

Ɗan Haya:
Mu da kicin ɗinmu ba shi da taga sam, sai 'yar kafar fitar hayaƙi, shi ke nan mun fita?

Malamin Kimiyya:
Ba ku fita ba, sai dai da fitila. Farar fitilar LED doguwa, irin wadda ake mannawa a ƙarƙashin kabad, a sauko da ita kusa, santimita 15 zuwa 30 daga kan ganye, tana ci awa 12 zuwa 16 a yini. Kusancin shi ne sirrin, ƙwan da ke can rufin ɗaki ba ya yi musu komai. A kashe da dare, suna buƙatar duhu su ma. In wannan ya yi maka nauyi, fara da gindin albasa mai ganye. Yanke ka bar santimita 3 da saiwarsa, ka dasa a tagar kowane ɗaki, zai sake tohowa sau biyu ko uku kafin ya gaji.

Mai Taga Ɗaya:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku. Na yi yadda kuka ce. Rozmerin da na zazzage, Hajiya, warin da kika faɗa shi na ji, har da ruwa kwance a cikin tsakuwar. Yanzu tukunya uku ne a bakin taga, roba cikin tangaran: na'a-na'a, ɗoɗɗoya da ganyen albasa. Ɗoɗɗoyar na yanke ta a gaɓa ta uku hannuna na rawa, yau rassa biyu gare ta, ganyen da ke fitowa ya ninka na da faɗi. Kan da na tsoma a ruwa ya yi saiwa a kwana tara, na dasa shi. Ƙudajen sun ragu, jiya biyu kawai na gani. Kwalabe biyu suna kan kanta da rassan na'a-na'a, ina canza ruwan. Ina juya tukwanen kaɗan duk bayan kwana biyu don kada su karkace.

Koriyanda ce nake so in sake gwadawa. In sayo dashe ko in shuka iri?

Ɗalibar Noma:
Iri, Yaya. Koriyanda tana da doguwar saiwa guda ɗaya mai nutsawa ƙasa, ba ta son a taɓa ta, shi ya sa dashenta ke yawan faɗuwa. Ki nemi tukunya mai zurfi, aƙalla santimita 20. Kowace ƙwaya da kike gani iri biyu ne a ciki, ki ɗan danna ta da gindin kofi ta rabu biyu, ki jiƙa kwana ɗaya, ki shuka da ɗan yawa a zurfin santimita ɗaya. Za ta fito cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ba ta daɗewa, da zafi ya taɓa ta sai ta miƙe ta yi fure, don haka ki riƙa shuka sabuwa duk sati uku a wata tukunyar. Fasili kuma in za ki shuka irinsa, kada ki zubar da ƙasar in kin ga shiru, yana iya kai sati huɗu kafin ya leƙo.

Mai Taga Ɗaya:
To ai tagar ta cika. Anti Mai Ado, katakon nan da kika sa a tsakiyar taga, faɗinsa nawa ne, kuma da me aka riƙe shi?

Anti Mai Ado:
Santimita 12, ƙanwata, daidai gindin tukunya. Ƙarfe biyu masu kusurwa a kowane gefe, an ɗaure su a bango, ba a jikin firam ɗin taga ba, don jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi. Ki bar tazarar kamu biyu tsakanin hawa da hawa saboda ɗoɗɗoya, kuma ki gwada buɗe tagar kafin a huda bangon.